Zauren da Babana Ya Gina a Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci, "Audu, yaya Kurmi?" In na shiga kasuwa sayen igiya, "Magini, an ce har teku ka gani?" Jiya har a wurin jana'iza wani ya matso yana raɗa mini wai da gaske ne matan can su ke da manyan motoci. To ga shi na zauna, zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ƙara tambayata bayan wannan sai ya je ya gano da idonsa. Kuma kada ku sa ran labarin daɗi, don har yau in na tuna wasu wuraren raina ɓaci yake yi.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba. Mu gidan magina ne a birnin Zariya, iyaye da kakanni. Babana yana saurayi ya bi fataken goro zuwa Kumasi ta ƙasar Gwalkwas, ya shekara huɗu a can, kuma a wannan zaman ya gina wa wani mai saukar fatake, Maigida Ɗanjuma, zaure irin namu na ƙasa, mai bakan gizo da tulluwa a sama. Shi ne aikin farko da ya yi da kansa, ba a ƙarƙashin kowa ba. Yanzu Baba ya tsufa, idonsa ya tafi. Sai ga wasiƙa daga ɗan marigayi Ɗanjuma, Alhaji Salisu, cewa hukumar gari tana fasa tituna a tsohon zango, ana ta rushe gine-ginen ƙasa, kuma an shafa wa zauren jan fenti. Amma tun da ba a kan layin titi yake ba, an ce in aka gyara shi ya yi ƙwari za a bar shi. Matsalar ita ce duk faɗin zangon babu sauran wanda ya iya ginin tubali. Da na gama karanta wa Baba wasiƙar bai yi doguwar magana ba. "Je ka tsayar da shi," iyakar abin da ya ce ke nan.

Na jira damina ta ɗauke, aka shigar da gero, dawa ta fara nuna, sannan na haɗa kaya. Buhu guda na makuba, wato garin ɓawon ɗorawa da muke shafe bango da shi don kada ruwa ya ci, da rabin buhu na katsi, dattin rini da na samo a marina don haɗa laso, wato simintinmu na gargajiya, da diga, da igiyar awo. Na sa farar rigata ta Juma'a, don kada a ce maginin Zariya ya shiga ƙasar mutane kamar lebura. Wannan ita ce wautata ta farko. Kafin jirgin ƙasa ya kai Kaduna hayaƙin gawayi ya mayar da rigar launin toka, kuma wata Bayarbiya mai kwandon zabi ta ɗora kwandonta a kan buhun makubata tun daga nan har Ibadan. Na yi mata magana da Hausa, ta amsa da Yarbanci tana murmushi, ta miƙo mini lemo. Sai na karɓa na sha. Su kuwa zabin abin da suka yi wa buhun nan ba sai na faɗa ba.

A Ikko na sauka wurin 'yan goro a Agege, mutanen kirki, sai dai ɗakin baƙin nasu mu tara ne a ciki, kuma takwas suna minshari. Nan aka ce ba a ƙetare iyaka sai da katin allura. Na yini a layi aka yi mini allurar, hannuna ya kumbura, na ƙara kwana biyu ina jinya. Mai masaukin yana ta ce mini in yi haƙuri, ita allurar haka take nuna ta kama. Ta kama kam.

Daga can muka shiga lori, irin mai benci a baya. Muna ƙetarawa ƙasar da Faransa ke mulki sai na ga direba ya bar hannunsa ya koma ɗaya hannun titi, yana gudu hankalinsa kwance. Na ɗaga murya na yi salati, na ce mutumin nan barci yake yi, a tashe shi. Duk motar aka fashe da dariya. Wani Bazabarme da ke kusa da ni ya ce, "Malam, nan haka ake bi. In mun shiga Gwalkwas zai koma wancan." Na ce to su Turawan da suka raba ƙasar nan, ashe ko a kan hannun da za a bi ba su shirya ba.

Iyaka uku muka ƙetare, kuma a kowace sai an sauke kaya duka an buɗe. A ta farko wani mai kaki da jar dara ya soka wa buhun makubata ƙarfe, gari ya yi ta zuba, shi kuwa ko a jikinsa. Da ya zo kan katsin sai fuskarsa ta canza. Ya ɗeba ya shinshina, ya kira na gaba da shi, suka yi ta magana da Faransanci suna dubana. Bazabarmen nan ya ce, "Wai albarushi ne." Na ce albarushin me, dattin marina ne, ko yaro a garinmu ya san shi. Babbansu ya zuba kaɗan a kan dutse, ya sa kowa ya ja da baya, ya ƙyasta ashana ya jefa. Ashana ta mutu. Ya ƙyasta ta biyu, ita ma ta mutu. Na ce to alhamdu lillahi an wanke ni. Ina! Sai ya ce tun da ba albarushi ba ne, kuma babu sunansa a takardarsu, ba su san abin da za su rubuta ba, don haka ba zai wuce ba. Nan na bar katsina, an jingine shi a bango kamar wani ɗan fursuna.

Tekun da kuke ta damuna da shi, na gan shi. Ruwa ne, da yawa, kuma ba ya shawuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani babban kogi bayan mun shiga Gwalkwas, inda ake ɗora mota a jirgin fito. Mun iske motoci a jere, muka zauna tun hantsi har la'asar. Yunwa ta sa na sayi abin da kowa ke saye, wani dunƙule cikin ɓawon masara da suke kira dokunu, da soyayyen kifi da barkono. Na kai loma ɗaya na ji tsami, na mayar wa matar na ce tuwonta ya kwana ya lalace. Ta riƙe ƙugu ta yi mini tatas, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka. Ashe da gangan suke tsamar da shi. Na cinye dai, barkonon ya sa ni hawaye a gaban mata.

Daga Ankara, babban birnin Gwalkwas, muka miƙa arewa cikin kurmi, itatuwa sun rufe sama, ko'ina danshi. Da na sauka a tashar Kumasi na ce zango, kafin in rufe baki wani ɗan dako ya saɓa buhuna a ka. Sai dai zangon ba ɗaya ba ne. Ya kai ni Moshi Zango, aka ce ba nan ba, muka dawo ta Akwatialine, aka sake cewa ba nan ba, sai da na ambaci sunan marigayi Ɗanjuma wani tela ya nuna mana lungun tsohon zango.

Alhaji Salisu ya karɓe ni hannu biyu. Dattijo ne mai jiki, mai saurin dariya, haifaffen can, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a hanyar Makka. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa na sha, dattawa suka jeru, kowa ya taso ya ba ni hannu daga dama zuwa hagu. Sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "To Malam Audu, mu nan lafiya lau. Kai ka taho, me ya kawo ka?" Na dube shi da kyau. Na ce, "Alhaji, ba kai ka rubuto mini ba?" Ya ce, "Na sani mana. Amma nan haka ake yi, ko an sani sai an tambaya." Haka na zauna ina ba mutumin da ya kira ni labarin kiran da ya yi mini, dattawa suna gyaɗa kai kamar yau suka fara ji. Al'adar Asantawa ce suka ɗauka. Hausarsu ma ta sha ruwan can, mace da namiji duk "shi" ne, sai ka ji ana cewa "matan Alhaji ya dawo kasuwa". Abinci kuwa ban da ta cewa. Shinkafa da wakensu ja ce, tuwonsu suna kiransa tuwon zafi kamar akwai mai son na sanyi, amma kokonsu da ƙosai ko a Zariya sai a hankali.

Da gari ya waye aka kai ni zauren. Wallahi da na hango shi sai da na tsaya. Yana nan tsugune tsakanin wasu benaye biyu na bulo da kuɗin koko ya gina, jan fentin nan a ƙirjinsa. An shafe bangonsa ta waje da siminti daga sama har ƙasa. A bisa kuma an kafa ginshiƙan katako an yi masa rumfar kwano, ta rufe tulluwar gaba ɗaya har ba a ganinta, kwanon duk ya yi tsatsa. Zauren babana da hular kwano! Na ji kamar an mare ni. Amma da na sa ƙafa ciki sai jikina ya yi sanyi. Bakan gizo huɗu sun tashi daga kusurwa sun haɗu a tsakiya, azara a jere kamar an tsefe, sanyi kamar cikin randa. Na shafa bangon na ji zanen yatsun Baba, irin wanda har yau nake yi ban taɓa tambayar inda ya fara ba.

A gefe guda wani tsoho yana zaune yana tufka igiya. Baba Tinga ake kiransa, mutumin Moshi, ya fi shekara talatin a nan zauren yake sana'arsa. Shi ya ba ni labarin wurin ba tare da na tambaya ba. Ya ce duk baƙon da ya sauko daga arewa ba shi da kowa, Bamoshe ne ko Bazabarme ko Badagombe, nan yake fara kwana kafin ya sami danginsa. Nan ake raɗa suna, nan ake ɗaura aure, nan ake sasanta 'yan goro in sun saɓa. "Duk gidan da na tarar a layin nan ya tafi, Magini," in ji shi. "Saura shi, saura ni."

Ran nan da hantsi dubagari ya zo, wanda su can suke kira samansaman saboda yawan sammacinsa. Ba'asante ne siriri, da gajeren wando da doguwar safa da sanda. Ya zaga zauren yana ƙwanƙwasa bango, ko'ina sai ka ji ƙwal-ƙwal kamar ƙwarya. Ya ce ta bakin Alhaji mako uku ya ba mu, in ya dawo ya ji wannan ƙarar, katafila ce za ta yi magana.

Ni na san ciwon tun kafin ya ƙwanƙwasa. Na ce a kawo guduma. Alhaji ya ce, "Haba Magini, simintin nan da tsada na shafa shi, don in kare ginin." Na ce, "Kai ka kashe shi, Alhaji. Ƙasa numfashi take yi. Ruwa ya shiga ta tsaga, siminti ya hana shi fita." Na fasa wajen gabas, ɓawon ya faɗo, ga ƙasa a jiƙe kamar kunu, gara ta yi gida a ciki. Mutane suka ɗauki salati. Daga ran nan ba mai ce mini Malam Audu, sai Sarkin Magina. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Duk abin da na faɗa sai a ce haka ne, kuma na fara jin daɗin hakan fiye da kima.

Sai wahalar neman ƙasa. Mu nan in kana son ƙasa ka ɗauki jaki ka tafi kududdufi. Can ƙasar ba ta 'yan zango ba ce, ko tafin hannu sai an roƙi mai ita. Aka sami jar ƙasa mai kyau a wani ƙauye kan hanyar Sunyani, aka ce sai an kai wa sarkin ƙauyen gaisuwa, gaisuwar kuma kwalbar giya ce. Na ce ni ɗan musulmi in ɗauki giya don in gina zauren da ake ɗaura aure? Sai wata maƙwabciyar Alhaji, Ba'asantiya mai lori biyu, ta ce mu bar mata wannan, ta je ta yi abin da ake yi ba mu gani ba. Eh, ga amsar mai raɗa a wurin jana'iza, da gaske ne suna da motoci. Washegari muka isa da digarmu, na ɗaga ke nan sai ga tsofaffi sun fito suna ihu. Ashe Alhamis ce, kuma su ran Alhamis ba a taɓa ƙasa da ƙarfe, wai ranar hutunta ce. Muka dawo hannu wofi. Juma'a kuma tamu ce. Kwana biyu suka tafi a banza ina cizon yatsa.

Na ce a kira gayya a kwaɓa ƙasa, kamar yadda muke yi. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Wa zai zo? Wannan yana dako a kasuwa, wancan yana gonar koko, wancan yana gadi a kanti, kowa haya yake zaune. Masu cewa zauren kakanninsu ne sun fi ɗari, masu cire riga su shiga laka ko ɗaya. Wasu ma a gabana suke cewa da an bari an rushe an yi shaguna da kowa ya huta. Dole muka ɗauki lebura uku, ƙarti 'yan ƙabilar Farafara, na koya musu takawa da mulmula tubali. Cikin mako guda muka kankare simintin duka, na cire ruɓaɓɓen wuri a bangon gabas na fara cikewa.

Daga nan na ɗaga kai na dubi kwanon. Tun ranar da na zo yake ci mini rai. Na ce gobe za a sauke shi. Baba Tinga ya ajiye igiyarsa.

"Magini, kar ka taɓa kwano. Ruwa bai ƙare ba."

Na ce, "Baba, kwanana goma sha biyu a garin nan, yayyafi biyu na gani. Damina ta wuce. Kafin in baro gida aka shigar da gero."

"Wancan gidanku ne. Nan damina biyu ne, babba da ƙarami. Ƙaramin yana ɓuya, sai ka manta shi ya fito. Shi ya fi mugunta paa." Wannan "paa" a bakinsu "sosai" ke nan.

Na yi tsaki a gaban tsohon nan, Allah ya yafe mini. Na ce damina biyu a shekara ɗaya, sai ka ce sallar idi. Na ce mu a Zariya soro yana shekara ɗari tsirara ana ruwa a kansa, makuba ce maganinsa, ga ta na kawo. Na ce ba zan koma in gaya wa babana na bar aikinsa da hular gwangwani ba. Alhaji ya sosa ƙeya ya ce, "Tun ina yaro da kwanon na san shi, Sarkin Magina. Ko a bari sai an gama bango?" Na ce in ya fi ni sanin gini ga diga nan. Tun da na ci su a kan siminti ba mai ƙarfin yi mini gardama. Baba Tinga ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Aka sauke kwanon. Jama'a, da ma a ce kun gani. Tulluwar nan ta fito lumui, ba tsaga ko ɗaya, makubar da Baba ya shafa tana nan da duhunta, ga zankwaye huɗu a kusurwa ba wanda ya guntule. Mutanen da aka haifa a lungun ba su taɓa ganinta ba. Tsofaffin mata suka fito suna tafa hannu, 'yan benaye suka leƙo ta taga, har daga unguwar Sofoline aka riƙa zuwa kallo. A rana ta uku samansaman ya biyo zai wuce, ya tsaya, ya cire hularsa ya daɗe yana duba. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Wannan mai kyau paa. Ba za a fasa shi ba." Ya ce shi da kansa zai kawo babbansu ya gani. Ran nan na ci tuwon zafi malmala uku.

Rana ta biyar bayan azahar sai na ji iska ta canza. Ban ga hadari ya taso daga gabas kamar yadda muka saba ba, sama kawai ta rufe ta fara zuba. Na ce yanzu zai ɗauke. Bai ɗauke ba sai magariba, kuma washegari da azahar ya dawo ya fi na jiya. Bangon gabas ɗanye ne, sabon yaɓen ya fara narkewa yana bin ƙasa, tubalin da muka shanya suka koma laka. Indararon da na ce zan gyara daga baya sun toshe, ruwa ya taru a gindin tulluwa. Makubar ma rabinta na bari a iyakar Faransa, wadda ta rage ba a shafa ta a kan jiƙaƙƙen bango.

Na haɗiye girman kai na ruga wurin Alhaji na ce a mayar da kwano maza. Ina kwanon? Na ce a zubar, an kuwa zubar. Wannan ta ɗauki biyu ta rufe madafinta, wancan ya kai ɗaya bayan gida, ginshiƙan kuma masu tuyar ƙosai sun faskare sun hura wuta. Muka bi gida-gida cikin ruwa muna roƙo, kowa sai ya ce ai an ce ba a so. Matar nan mai lori ta aro mana tamfol biyu daga tasha, muka hau da tabarmi muna rufewa, iska tana yayewa. A nan kam mutanen da na ce ba sa gayya sun fito, har da masu son shaguna, kowa ya jiƙe sharkaf. Amma ƙasa ta riga ta sha.

A rana ta uku da fara ruwan, da hantsi, Baba Tinga ya shiga ya kwaso igiyoyinsa da buzunsa, ya kori wasu baƙi biyu da suka fake a ciki, ya tsaya a ƙofa ya hana kowa shiga, har ni. Ba a jima ba bangon gabas ya buɗe. Babu wata babbar ƙara. Tulluwar ta karkata, ta zauna a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, azara suka yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na sami sauƙi. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka Allah ya so, Malam Audu," idonsa ya yi ja. Baba Tinga ya shimfiɗa buzunsa a gindin wani mangwaro ya ci gaba da tufka, ko kallona bai yi ba. Samansaman ya zo da babban nasu kamar yadda ya yi alkawari, suka tsaya a gaban tulin laka, ya rubuta wani abu a littafinsa suka tafi. Na ce wa Alhaji in ya yarda in zauna har rani in sake ginawa. Ya ce hukuma ta yarda a gyara tsoho ne, ba ta ba da izinin sabon ginin ƙasa a cikin gari. Zai yi shaguna na bulo, ya ware ɗaki ɗaya saboda baƙi. Duk da haka ya haɗa mini huhun goro da turmin atamfa, ya raka ni har tasha. Ban taɓa ɗaukar tsaraba mai nauyin wannan ba.

Dawowa ba abin da zan ce, hanyar dai ita ce, sai dai wannan karon ban yi wa kowa faɗa ba. Na iso gida da la'asar, na wuce ɗakin Baba kafin in cire takalmin tafiya. Ya ji muryata ya miƙo hannu, na durƙusa na gaishe shi. Na rasa ta inda zan fara, sai na fara da laifin mutane. Na ba shi labarin siminti, ya girgiza kai. Na ce ba ma wannan ba, Baba, har rumfar kwano suka kafa masa a ka.

Sai ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ba su ba ne. Ni ne."

Na ce, "Kai, Baba?"

"Na gama shi tsirara irin namu, ina ta taƙama. Damina ta biyu ta zo ta kusa kayar mini da shi a kan mutane. Na je kanti na sayo kwano na rufe da hannuna. Ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba, kada magina su ce ɗan gidanmu ya gina soro ya sa masa kwano. Yanzu ai ya ci tsatsa. Ka dai sabunta masa ko?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so, ba mai ƙaryata ni daga nan har Kumasi. Amma hannuna yana cikin nasa. Na gaya masa duka, har da tsakin da na yi wa tsohon nan. Can ya tambaya ko an rasa rai, na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi. Na zaci ya gama, na yunƙura zan tashi, sai ya ƙara riƙe hannuna.

"Da ka cire kwanon, ka ga tulluwar?"

"Na gan ta, Baba. Kwana huɗu tana waje."

"Ta tsage?"

"Ko ɗaya. Har zankwayen suna nan."

"Ni tun ranar da na rufe ta ban sake ganinta ba," in ji shi. "Ta yi kyau?"

Na ce, "Ta yi kyau, Baba."

Ya saki hannuna, ya jawo bakin rawaninsa ya rufe fuskarsa. Na zauna nan a bakin gadon har aka kira magariba.